Kamfanonin Waya Da Tauye Mudun Zamani



Akwai wani nau'in zalunci da ya zama ruwan dare a ƙasar nan, wanda saboda yawansa har jama'a sun fara ɗaukar sa kamar zazzaɓin damina, wato abin da ba makawa sai ya zo, in ya zo kuma sai dai haƙuri. Wannan zalunci kuwa shi ne zaftare wa bayin Allah kuɗin katin waya ba gaira ba dalili. Mutum zai sa katin naira ɗari biyar da daddare, bai kira kowa ba, bai aika wa kowa saƙo ba, gari na wayewa ya duba ya tarar an yi awon gaba da naira hamsin ko saba'in. In ya yi sa'a zai ga wani ɗan guntun saƙo da Turanci ana taya shi murna wai an sabunta masa wani tsarin da bai san ranar da ya shiga ba. In bai yi sa'a ba ko wannan ba zai gani ba. Daga nan sai ya yi tsaki, ya ce Allah Ya isa, ya nemi mai saida kati ya ƙara sa wani. Haka jiya, haka yau, kuma in ba a tashi tsaye ba haka za a yi gobe.

Wanda ya san tarihin waya a Nijeriya ya san wannan hali ba baƙo ba ne. A zamanin da NITEL ke cin karenta ba babbaka, layukan waya a duk faɗin ƙasar ba su wuce wajen dubu 400 ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Waya ta manyan attajirai ce da manyan ma'aikatan gwamnati, su ɗin ma kuka suke da bil ɗin da ba su san inda ya samo asali ba. Da aka shigo shekarar 2001, gwamnatin Obasanjo ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan Dala miliyan 285, a watan Agusta na wannan shekara kuma MTN da Econet suka fara aiki. Talaka ya yi murna, ya ce an rabu da Bukar. Ashe an haifi Habu ne. Layi kaɗai sai da ya kai wajen naira dubu ashirin, kira kuwa naira hamsin ne minti ɗaya. Abin takaicin ma shi ne lissafin na minti ne cikakke. Ko daƙiƙa biyar mutum ya yi yana magana, ko kuwa sabis ne ya yanke tun bai gama amsa sallama ba, kuɗin minti guda za a cire masa. Da jama'a suka yi ca suna neman a riƙa lissafi da daƙiƙa, sai aka ce musu ai hakan ba za ta yiwu nan kusa ba. Kwatsam a watan Agusta na 2003 sai Globacom ya shigo da lissafin daƙiƙa tun ranar farko. A ranar 19 ga Satumba na wannan shekarar kuma ɗimbin masu waya suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushinsu. Ba a daɗe ba abin da aka ce ba ya yiwuwa ya yiwu a wajen kowa. Duk mai hankali zai ɗauki darasi biyu a nan. Na farko, in kamfani ya ce abu ba ya yiwuwa, sau da yawa ma'anar maganarsa ita ce abin zai rage masa riba. Na biyu, ba a taɓa sassauta wa talaka don tausayi ba, sai da aka ga ya motsa.

Yau hanyoyin sun canza, amma ɗabi'ar tana nan daram. Babbar ƙofar da ake bi ita ce ta tarkacen tsare-tsaren da ake liƙa wa layin mutum: labarin ƙwallo, wasan kacici-kacici, shawarwarin soyayya, waƙar da mai kira zai riƙa ji, har da caca ƙiri-ƙiri da sunan gasa. Yawancin waɗannan wasu ƙananan kamfanoni ne ke samar da su, su haɗa kai da kamfanin layin, a cire kuɗin daga katin mai waya a raba. Wani saƙo ne zai faɗo kan fuskar waya, mutum na ƙoƙarin kawar da shi yatsansa ya taɓa inda aka ɗana masa tarko. Wani kiran ɗan'uwansa ya yi, ya ji murya na cewa ya danna kaza, yaro ko tsoho ya danna bai san me ya saya ba. Wani kuwa za a ce masa kyauta ne na kwana bakwai, a rana ta takwas a fara yankar sa kullum ko duk mako, ba tare da an sake tambayar sa ba. Sai ƙofa ta biyu, wato sabunta data da kanta ba da umurnin mai layi ba, da kuma yadda in data ta ƙare waya za ta afka wa kuɗin kati ta lashe shi cikin ƙiftawar ido a kan farashi mai tsada. Ga kuma kuɗin nan naira 6.98 na mu'amala da banki ta hanyar danna lambobi, wanda aka ƙayyade tun 2021, a 2025 kuma aka mai da cire shi kai tsaye daga katin mai waya, abin da ya ƙara wa mai layi wani wurin da sai ya sa ido.

Shi kuwa rancen kati, magana ce mai zaman kanta. Shekara da shekaru tsarin da aka saba shi ne mutum ya ranci naira ɗari, a ba shi tamanin da biyar, da zarar ya sa kati a cire ɗari cif. Sun kira wannan kuɗin hidima. To amma wanda ya zauna gaban malami ko da na 'yan watanni ne ya san hukuncin bashin da aka shardanta ƙari a kansa. Sauya wa abu suna ba ya sauya masa hukunci, ko an kira giya ruwan inabi tana nan a giyarta. Kuma su wa ke cin wannan rance? Waɗanda ba su da ko naira ɗari a aljihu a daidai lokacin da matarsu ke naƙuda ko ɗansu ke kwance. Wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biya. Wannan shi ne zaman kashin dankali da tsarin jari-hujja ya ginu a kai.

Wani zai ce don Allah mene ne abin tada jijiyar wuya a kan naira ashirin? To a ɗauki alƙalami a yi lissafi. A shekarar 2025 layukan da ke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 160. A ƙaddara cewa layi miliyan ɗaya kacal daga ciki ake cire wa naira ashirin a kullum ba da saninsu ba. A yini guda naira miliyan 20 ke nan, a wata guda naira miliyan 600. Wannan misali ne kawai don mai karatu ya gane sirrin abin. Ɗan fashin da ya tare hanya ya ƙwace miliyan guda a hannun mutum ɗaya, gari zai ɗauka, a yi ta farautarsa. Amma wanda ya tsinci ashirin-ashirin a aljihun mutum miliyan, ba mai bin sa, domin kowane ɗaya daga cikinsu yana ganin abin bai kai ya ɓata yininsa ba. Ƙanƙantar kuɗin ita ce garkuwarsu. Sun san mai faci da mai tallan ruwa da matar aure a cikin gida ba za su bar neman abincinsu su je ofis neman naira hamsin ba, kuɗin mota ma ya fi haka.

Musulunci bai bar wannan fage ba tare da hukunci ba. Sura guda ce sukutum a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifin, ta buɗe da narkon azaba ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Mai karatu ya auna wannan siffa da abin da ke faruwa. In mai layi ya ci bashin naira ɗari, ba ko sisi da za a yafe masa, na'ura ba ta mantuwa. Amma in shi aka cire wa bisa kuskure, sai na'urar ta kamu da ciwon mantuwa, sai ya kira, ya jira, ya yi bayani, a ce ya sake kira bayan awa arba'in da takwas. Mutanen Madyana da aka aiko wa Annabi Shu'aibu (AS), babban laifinsu bayan shirka shi ne cutar mutane a awo da ma'auni, kuma sanannen abu ne yadda ƙarshensu ya kasance. Haka nan a Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah Ta'ala Ya haramta cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, Ya sanya yardar masu ciniki a matsayin sharaɗin halaccinsa. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ce ciniki ba ya ƙulluwa sai da tayi da amsawa, sai an san abin da ake saye an kuma san farashinsa. To ina yarda a wajen tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na Turanci ba, aka turo mata saƙo da Turanci, jikanta ya danna? Ina sanin farashi a cinikin da aka rubuta kyauta da manyan baƙaƙe, aka ɓoye kuɗin a ƙarshen saƙo? Manzon Allah (S) da kansa ya shiga kasuwa ya cusa hannunsa mai albarka cikin tsibin abinci, da ya ji danshi a ƙasa ya tuhumi mai shi a kan ɓoye aibi, ya kuma barranta daga mai algus. Da a ce a ƙarƙashin hukumar Musulunci ake, da muhtasibi ne zai bi irin waɗannan kamfanoni har ɗakin na'urorinsu ya duba mudunsu, kamar yadda yake duba na masu hatsi a kasuwa.

Su kuma kamfanonin suna da abin faɗa, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa mafi yawan masu kukan data ta ƙare wayoyinsu ne ke shanye ta, ta hanyar manhajojin da ke sabunta kansu a ɓoye da bidiyon da ke kunna kansa. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma bai halatta ga Musulmi ya kira wani ɓarawo a kan zato ba. Amma wannan hujja ta data ce, ba ta bayyana dalilin da zai sa mai ƙaramar waya rakani-kashi, wadda ko intanet ba ta shiga, ya wayi gari an sa shi a tsarin labarin ƙwallon Ingila ba. Suna kuma cewa ba su ne ke yi ba, abokan hulɗarsu ne. To wa ke riƙe da lalitar? Kuɗin a hannun wa mai layi ya ajiye? In mutum ya ba wa mai kanti ajiya, mai kanti ya buɗe wa wani akwati ya ɗiba suka raba, ba alƙalin da zai wanke mai kantin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hujjarsu ta uku ita ce tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira da ɓarayin da ke lalata musu kayan aiki. Wannan ma ba ƙarya ba ne, kuma a kansa ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince musu a watan Janairun 2025 su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira huɗu zuwa shida, duk da kururuwar ƙungiyar ƙwadago. To tun da an ba su ƙarin a fili, me ya rage kuma na laluben aljihu a ɓoye? Ƙarin farashi komai ɗacinsa an sanar, mai so ya saya mai ƙi ya bari. Cire wa mutum kuɗi a kan abin da bai nema ba kuwa ba shi da wani suna a shari'a face cin haram.

Ita hukumar da aka ɗora wa alhakin sa ido, ba za a ce ba ta taɓuka komai ba. A zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, a 2016, ta fito da lambar 2442 don toshe saƙonnin talla, ta ayyana 2017 a matsayin shekarar masu amfani da waya, a 2018 kuma ta umurci kamfanoni su daina cusa mutane cikin tsare-tsare ba da izininsu ba. Sai dai wannan umurni shi kansa shaida ne cewa abin da talaka ke kuka a kai gaskiya ne, domin ba a hana abin da ba a yi. Kuma akwai abin lura. A 2015, lokacin da MTN ya ƙi rufe layuka sama da miliyan biyar marasa cikakkiyar rajista, tarar naira tiriliyan 1.04 aka lafta masa, naira dubu 200 a kan kowane layi, kafin a sasanta a kan biliyan 330 a 2016. Ashe sandar tana nan, kuma tana da nauyi in umurnin gwamnati aka taka. Me ya sa take zama sillen kara in haƙƙin talaka aka taka? Tarar ma in an ci, baitulmalin gwamnati take shiga, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Ba abin mamaki ba ne. Tsarin da Turawan mulkin mallaka suka dasa suka bar wa 'yan barandansu tun asali an gina shi ne don kare mai jari. Gwamnati na karɓar kuɗin lasisi, tana karɓar haraji a kan kowane kati, ta yaya za ta ƙuntata wa saniyar da take tatsa? Irin wannan tatsar talaka ta hanyar ƙananan kuɗaɗe masu sunaye iri-iri tana cikin abubuwan da Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa wa sarakunan Haɓe a matsayin alamomin mulkin zalunci a littafinsa Kitabul Farƙ.

To mene ne abin yi kafin Allah Ya kawo canjin da ake fata? Wajibi ne mai layi ya san mudunsa. Ya duba kuɗinsa ta *310# kafin kira da bayan kira, da lokacin kwanciya da wayewar gari, datarsa kuma ta *323#. Waɗannan lambobi tun 2023 aka mai da su bai ɗaya a dukkan layuka. Ya danna *305# ya ga ko akwai wani tsarin da aka liƙa masa, in akwai ya soke. Ya rubuta kalmar STOP ya aika wa 2442 don toshe tallace-tallace. Ya kashe data in ba amfani yake da ita ba. In kuwa ya tabbatar an cire masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kada ya goge saƙon da aka turo, domin shi ne shaidarsa. Ya rubuta rana da lokaci da adadin kuɗin, ya kira 300, ya faɗi kokensa a natse, ya nemi a gaya masa sunan tsarin da ranar da aka sa shi da kuma hanyar da aka ce ya amince. Ya nemi abu biyu tare, a soke tsarin a kuma mayar masa da kuɗinsa, domin sun ƙware wajen yin na farko su yi shiru a kan na biyu. Abu mafi muhimmanci, kada ya ajiye waya sai an ba shi lambar ƙorafi. In wa'adin da suka ɗiba ya wuce ba a yi komai ba, sai ya kira 622, lambar hukumar NCC ce kuma kyauta ce, ya ba su wannan lambar ƙorafi. Masu karɓar bil a ƙarshen wata su nemi a ba su shi dalla-dalla, kira bayan kira, su bi shi layi-layi. Bayan wannan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Wanda kuma ya gaji, tun 2013 aka ba da damar mutum ya ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani ba tare da ya rasa ta ba.

A nan akwai jan hankali. Yarinyar da ke amsa waya a ofishinsu da yaron da ke saida kati a bakin titi ba su ne suka ƙulla wannan tsari ba, su ma 'yan neman abinci ne. Zagin su ba ya dawo da ko kwabo, zunubi kawai yake jawowa. Kada a zama zomo mai barin makashinsa ya yi fushi da maratayinsa. Amma su Musulmin da ke zaune a manyan kujerun waɗannan kamfanoni, masu sa hannu a kan irin waɗannan yarjejeniyoyi, su ji tsoron Allah, su tuna akwai ranar da za a kafa ma'aunin da ba ya tauye ko ƙwayar zarra, kuma a ranar masu bin su bashi miliyoyi ne waɗanda ko fuskokinsu ba su taɓa gani ba.

Saura masu cewa a bar wa Allah. Barin abu ga Allah gaskiya ne ga wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya gaza. Wanda kuwa ko kiran kyauta bai yi ba ya ce ya bar wa Allah, kasala ce ya yi wa rawani. Yafiya tana da lada in mutum ya yafe wa ɗan'uwansa da ya yi nadama. Yin shiru ga mai cuta da ke shirin maimaitawa gobe a kan maraya da bazawara ƙarfafa masa gwiwa ne. Al'ummar da ta saba a ɗauke mata naira hamsin ta yi shiru, ita ce za a ɗauke wa rijiyoyin mai ta yi shiru, a ɗauke mata 'yancin addininta ta yi shiru, don ɗabi'ar miƙa wuya ga azzalumi daga ƙananan abubuwa take fara tsiro.

Saboda haka kira na musamman ga 'yan'uwa matasa masu ilimin boko da na addini. Ga aikin lada a ƙofar gida. Kowane ɗaya ya karɓi wayar mahaifiyarsa da ta mahaifinsa da ta tsofaffin unguwa ya duba musu, ya soke abin da aka liƙa musu. 'Yan'uwa mata su yi haka a makarantun Islamiyya da gidajen biki da na suna. A kowace unguwa a sami littafi guda a riƙa rubuta koke-koken jama'a da ranakunsu da lambobin ƙorafinsu, a tattara a kai wa hukuma a dunƙule, domin koken mutum ɗaya ana iya shashantar da shi, na mutum dubu kuwa sai an zauna. Malamai masu wa'azi su ma su sa wannan a cikin babin ciniki, kada tauye mudu ya tsaya a kan 'yar tiyar mai gero alhali manyan masu tauyewar suna cikin benaye a Legas da Abuja. Tsintsiya sai a ɗaure take shara, kuma abin da ya faru a 2003 ya isa hujja.

Allah Ya isar wa raunana a kan duk mai cin dukiyarsu da zalunci, Ya farkar da wannan al'umma daga dogon barcin da take yi, Ya gaggauta tabbatar da tsarin adalci na addininsa a doron ƙasa.